Kada Ka Fasa Kwanson Dalar Baba

Two Rivers, Wisconsin
12 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Wendel,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Noreen da 'yarmu Josie. Kullum ina sa ka a addu'a, Ubangiji ya tsare ka a kan tekun nan na Alaska, ya fitar da kai lafiya ya dawo da kai lafiya, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar da kake ɓoye wa matarka alhali ta fi ka sanin inda yake. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ganye ya gama zuba, iskar tafki ta fara cizo, ni kuwa har na fito da bargunan sanyi na shanya. Maigidana Gil yana gaishe ka. Likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya ɗauka kifin ranar Juma'a ba ya cikin lissafin likita. Yanzu haka yana can yana goge bindigarsa saboda farautar barewa, ka dai san farautar Gil, a fita da bindiga a dawo da mura. An kawo mana sabon fasto, yaro ne mai hankali, sai dai wa'azinsa bai san hanyar gida ba. Autanmu Orrin ma yana lafiya, zan zo kan maganarsa, don tana da tsawo.

Mama jikinta da sauƙi. Tana cin abinci, tana barci, ma'aikatan gidan tsofaffin suna ji da ita. Hankalin ne dai yake ta tafiya. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara, wata rana kuma ta yi mini gaisuwar baƙo, ta tambaye ni ko na sha hanya. Na daina gyara mata. Duk wadda ta ce ni ce, ita nake zama har in tashi.

To, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Noreen ta kira ni ran Talata, kada kuma ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce injin jirginka ya mutu murus, dole a sa sabo kafin lokacin kamun kifi ya zagayo, kuma kana shirin sayar da dalar azurfar da Baba ya bar maka. Wannan ban ce komai ba, kayanka ne, don irin wannan rana aka bar mana su. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da ta ce wani dillali a Anchorage ya ba ka shawara ka fasa tsohon kwanson robar da dalar take ciki, ka sake aika ta wurin masu ba da maki, wai za ta dawo da maki mafi girma, kuɗinta ya ninka. Ta ce ka sa ƙarshen watan nan. Wendel, kada ka fasa kwanson nan. Da waya na kira ka, da tuni ka ce layi ba kyau ka kashe, shi ya sa na zaɓi takarda. Ka zauna ka karanta har ƙarshe, ko da kana tsaki.

Ka tuna yadda suka zo gidanmu. Baba ya samo su a banki tun yana saurayi, zamanin da ake miƙa takardar kuɗi a karɓi azurfa, ya zauna ya tsince uku mafi kyau a cikin buhu, duka bugun gidan buga kuɗi na Carson City. Shekara da shekaru suna naɗe a cikin tsohuwar safa. Da aka fara wannan sabon yayi na aika kuɗi kamfani a duba, a sa maki, a rufe su a kwanson roba, sai da ya yi wata guda yana zagin abin, wai shi da idonsa wani yaro a California zai gaya masa kyan dalarsa. Daga baya ya aika su a ɓoye. Suka dawo kowacce da maki sittin da huɗu cikin saba'in, lambobin kwansunansu a jere kamar yadda aka haife mu, tawa, taka, ta Orrin. Kwanson farko ne, irin ƙaramin nan da bai kama kuɗin da kyau ba, in ka girgiza sai ka ji kacau-kacau. Mama ta ce ya biya kuɗi an mayar masa da dukiyarsa abin wasan jarirai. Shi kuwa daga ranar ba ya zuwa karin kumallon Asabar da abokansa sai da guda a aljihun riga, kuma taka ya fi ɗauka, shi ya sa tata robar ta fi kowacce karce.

Ba zan ce dillalinka maƙaryaci ba ne, ban san shi ba. Abin da ya gaya maka akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ma'aikatan kamfanin na farko sun fi tsanani wajen ba da maki, kowa a wannan harka ya san haka, kuma akwai waɗanda suka fasa suka dace. Tsakanin sittin da huɗu da sittin da biyar, a irin dalarmu, akwai injin jirgi har da canji. Na san lissafin da kake yi, don ni ma na taɓa kwana da shi a raina. Amma ka tambaye shi abu ɗaya. In ya tabbata haka, me ya hana shi sayenta a hannunka da kwansonta, ya je ya fasa da kansa? Ya fi so ka ɗauki kasadar, in ta yi kyau ya saya ya ci riba, in ta ɓaci ya ce maka sai haƙuri. Masu fashe-fashen nan da kake jin labarinsu, ɗari suke fasawa a shekara, in ashirin sun faɗi talatin sun tashi, sun fita. Kai guda ɗaya gare ka, kuma ba a sake haifar mana wani uban da zai bar maka wata.

Yanzu bari in ba ka labarin Orrin, don na san bai gaya maka ba, ya kuma roƙe ni kada in faɗa. Na ce masa ban yi alkawari ba. A watan Mayu ya je wani taron masu tsofaffin kuɗi a Green Bay, ya dawo kansa ya yi zafi da irin wannan magana taka. Na ce masa ya bari, ya ce wai Yaya ke komai tsoro, da irinku ne a duniya da har yau ba a haye tafki ba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ya kalli yadda ake yi a waya, ya shiga gareji, ya naɗe kwanson da tawul, ya sa a ƙarfen matsewa na teburin aikinsa, ya shiga murɗawa a hankali. A wayar, robar tsagewa take yi salin-alin a ɗauko kuɗi da safar hannu. Tasa kuwa da ta tashi sai ta yi tsalle. Dalar ta kuɓuce daga tawul, ta daki siminti, ta gangara ƙarƙashin firjin da yake ajiye nama. Ya kwanta rub da ciki ya zaƙulo ta da sandar kamun kifi, ta fito duk ƙura da yanar gizo. Kuma ka san abin da ɗan'uwanka ya yi? Mutumin da tun yana rarrafe yake jin Baba yana cewa ba a goge kuɗi, ba a goge kuɗi? Ya kama gefen rigarsa ya goge ta tas. Ya ce hannunsa ne ya yi kafin kansa ya iso wurin.

Duk da haka ya aika, wai ko ba za su lura ba. Mutanen da aikinsu ke nan tun safe har yamma, da fitila da gilashin ƙara girma. Bayan wata biyu ta dawo cikin sabon kwanso mai kyau, mai walƙiya, amma babu maki ko ɗaya. Sun rubuta dai dala ce ta gaske, an goge ta, gefenta kuma ya bugu. Garin neman ƙiba ya samo rama. Yanzu ko rabin abin da take yi a da ba wanda zai ba shi. Ran Lahadin da ya kawo ta ya nuna mana, Gil ya juya ta ya juya, ya ce ai ba laifi, ko ba komai ta yi tsabta, a duk Wisconsin babu dalar da ta kai ta wanka. Orrin ya ce masa wanda ya shekara goma bai harbi barewa ba bai isa ya yi wa kowa dariya ba. Na yi dariya tare da su, amma da na shiga kicin sai na ji hawaye. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Na tuna yadda Baba yake riƙe ta da yatsu biyu, ta gefe, kamar ƙwai.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa duk tsohuwar roba zinariya ce. A gidana aka gwada wannan ma. Da Gil ya ji ana cewa tsohon kwanso yana ƙara daraja, sai ya je gwanjon kayan wani mamaci ya kinkimo kwali guda na ƙananan kuɗi, kwabbai da sisi-sisi, duka a tsofaffin kwansuna, ya shigo yana taku kamar wanda ya gaji banki. Muka kai wa Mista Havlik, ka tuna shi, dogon nan mai shagon tsofaffin kuɗi a Manitowoc da suke karin kumallo da Baba. Ya tsufa sosai, yana jan ƙafa, amma idon nan yana nan. Ya zube su a kan tebur ya duba ɗaya bayan ɗaya, sa'annan ya ce wa Gil wai ɗana, in ka sa wa jaki sirdin doki ba ka sami doki ba, ka dai sami jaki mai sirdi. Ya ce 'yan kaɗan a ciki masu tara kwanso za su ƙara ɗan wani abu a kai, sauran kuwa kuɗin da ke ciki na banza ne, ko a akwatin gwal aka sa su haka za su zauna. Kwalin yana nan a ƙarƙashin gadonmu, ina tuntuɓe da shi kullum in na zo shara.

A wannan zaman ne na tambaye shi gaskiyar maganar, ya kuwa warware mini ita, kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da na gani da idona daga baya. Ya ce kuɗin ake fara dubawa, kullum, wanda ya sayi roba ya manta da azurfa ya yi asara. Amma in kuɗin mai kyau ne, to tsohon kwanso shaida ne da ba a saya a kasuwa. Yana nuna cewa shekara talatin da wani abu ba hannun da ya taɓa dalar, ba wanda ya tsoma ta a ruwan magani don ta yi haske, ba wanda ya shafa mata wani abu ya ɓoye tabo. In an yi wa kuɗi irin wannan algus, bayan 'yan shekaru sai ya tona kansa a cikin robar, ya yi dabbare-dabbare. Wanda ya zauna tun zamanin Baba bai canja ba, ya gama ba da shaidarsa. Ya ce kuma kowace shekara ana fasa irin waɗannan kwansuna, ba a kuwa yin sababbi, don haka ragowar sai ƙara tsada suke. Sa'annan mai saye shi ma yana da irin mafarkin da kake yi, cewa wataƙila sittin da biyar ce, kuma zai biya ka kuɗin mafarkin tun yanzu. Da ka fasa, ka zubar da duka fa'idodin nan uku, ka tsaya a layi da dala tsirara kamar kowa. Na ce masa taka robar duk ta karce. Ya ce karce a roba ana goge shi da ɗan mai a cikin minti kaɗan, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗinke fasasshe ba.

Na ce na gani da idona, domin na sayar da tawa. Na san za ka ji wani iri da ban gaya maka tun da wuri ba, amma kana teku a lokacin, kuma ba shawara nake nema ba. A watan Agusta gidan tsofaffin suka ƙara kuɗi. Suka ce fanshon Baba ba zai ƙara riƙe ɗakin da Mama take ciki ba, sai dai a mayar da ita ɗakin mutum biyu da ke kallon wurin ajiye motoci. Ka san tagar nan tata mai kallon tafki. Sunayenmu sun tafi, amma jiragen ruwa ba su tafi ba, tana wuni tana kallonsu tana gaya wa ma'aikata wanne ne ya ɗauko gawayi. Na ce muddin ina numfashi ba mai raba ta da tagar nan. Na ɗauko dalata na ce wa Gil ya tayar da mota, akwai baje kolin tsofaffin kuɗi a Milwaukee ran Asabar.

Zan so ka ga yadda abin ya kasance. Teburin farko da na tsaya, wani matashi ne mai gemu, ya karɓa yana hamma. Da ya ga kwanson sai hammar ta tsaya a rabi. Ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya sa gilashi, ya daɗe, sa'annan ya ce wai Mama, tsohon kwanso ne, ya tsufa, sai an kashe kuɗi an sake mata sabo, amma don ke zan ba ki farashin littafi, wato wanda ke rubuce a kundin dillalai. Na ce masa ɗana, na gode da tausayi, miƙo mini kayata. Ya ƙara, na ce miƙo. Kafin in kai tebur na uku labari ya riga ni, ka san wurin nan, kowa yana kallon hannun kowa. Wata mata daga Ohio, mai tabarau a rataye a wuya, ta tare ni a hanya ta ce ita ba kuɗin kawai take so ba, irin wannan kwanso take tarawa, kuma ta rantse ba za ta fasa ba. Wani mai ƙaton ciki ya ce shi fasawa zai yi, bai ɓoye ba, ya kuma ɗora a kan tayinta. Na tsaya a tsakiyarsu da jakata a hammata, suka yi ta hawa kan juna. Gil yana ta taka mini ƙafa wai in karɓa kafin su farka. A ƙarshe na ba matar, ko da yake mai cikin ya ɗan fi ta, don na fi so dalar Baba ta ci gaba da zama a kwansonta. Abin da na karɓa ya haura farashin littafi da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A tebur na gaba akwai irinta sak, shekara ɗaya, maki ɗaya, a sabon kwanso, tun safe take zaune ba wanda ya ce mata sannu. Ɗakin Mama ya zauna, na shekara biyu aƙalla, in Allah ya kai mu.

Ka ga ke nan ba jita-jita nake kawo maka ba. Orrin ya fasa, ni ban fasa ba, ga sakamakon kowa a fili. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka. Ko da maganar kuɗi ce kaɗai, na gama ba ka amsa. Amma akwai sauran magana, kuma ita ce ainihin abin da ya sa na cika maka takardu haka.

Ran Juma'a, kwana ɗaya kafin mu tafi Milwaukee, na biya wurin Mama da rana, dalar tana cikin jakata don na ɗauko ta daga banki. Ranar ba ta san ni ba sam. Tana zaune a kujerarta tana kallon ruwa, na gaishe ta ta amsa mini kamar ni mai sayar da inshora ce. Na zauna ina neman abin goge hanci a jaka, sai hannuna ya bugi kwanson, ya yi kacau. Wendel, sai matar nan ta juyo. Ta gyara zama, ta shafa gashinta ta baya kamar yadda take yi, ta dube ni tsakiyar ido ta ce Lorna, ga babanku nan ya dawo, tashi ki ɗora kofi, ki ce wa Wendel ya kwashe takalmansa daga bakin ƙofa kafin ya yi tuntuɓe. Da sunana ta kira ni. Rabon da in ji sunana a bakinta tun Kirsimetin bara. Ai ka tuna, in Baba ya dawo ran Asabar ba ya ƙwanƙwasa ƙofar kicin, ba ya sallama, sai ya tsaya a waje ya ciro dalar ya girgiza, ita kuma ta ce ga maroƙin nan ya iso. Na sake girgizawa, ta yi dariya, ta ce wannan mutum ba zai girma ba. Mun yi kusan rabin awa ina da uwa. Ta tambaye ni ko Orrin ya gama aikin makaranta, ta ce rigata ba ta yi mini kyau ba. Daga nan ta koma kallon jirage.

Na zauna a mota na yi kuka mai isata, sa'annan washegari na je na sayar. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake haka zan yi, don tagar kullum ce. Kuma abin da ya ƙarfafa mini zuciya shi ne na san akwai sauran guda a wurinka, wadda ma ta fi jin muryarta. Mun gwada wasu dabaru tun daga lokacin. Orrin ya kawo tasa ya girgiza har hannunsa ya gaji, amma sabon kwanso yana da zoben roba da ke riƙe kuɗi gam, ko motsi ba ya yi. Ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Gil ya kawo guda daga kwalinsa, ta ce wane yaro ne yake wasa da kwabbai a coci. Mista Havlik, Allah ya saka masa, ya ara mini wata dalar a irin kwanson, ta saurara, ta ce a duba ƙofa akwai baƙo. Baba ya sha cewa kowacce da muryarta, muna yi masa dariya. Wataƙila ranar ce ba ta yi kyau ba, ban sani ba, ni ba likita ba ce. Amma taka ce ta fi shekara ashirin tana kaɗawa a bakin ƙofar kicin ɗin nan, kuma ni a raina ba na shakka za ta gane ta.

Don haka ga abin da nake so, kuma a matsayin yayarka nake faɗa, ba roƙo ba ne. Ka zo bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba. Shekara huɗu ke nan kujerarka tana zaune ba kowa, kuma zumunci a ƙafa yake. Tikitinka ni da Gil mun ɗauka, kada ka buɗe baki a kan wannan. Ka sako dalar a jakar hannu, ba a cikin kayan da ake jefawa ƙasan jirgi ba, da kwansonta yadda Baba ya bar ta. Ran Alhamis mu ci talotalo, ran Juma'a mu je wurin Mama, ran Asabar kuma Mista Havlik ya ce zai buɗe mana shago ko da dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Na ba shi lambar wayar matar Ohio, ya riga ya kira ta, ta ce lambar da ke bin tata a jere, ko nawa ne a kira ta kafin kowa. Za ka sami injinka, Wendel, na tabbata, kuma ba tare da ka sa dukiyarka a bakin ƙarfe kana addu'a ba. Wata shida ne kacal tsakaninka da lokacin kifi, na sani, amma makonni shida ba za su kashe ka ba. Mama ce ban san ko tana da wani bikin Godiyar a gaba ba.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce na gode, kuma in ka yi mata faɗa a kan wayar nan zan ji. Ka gaishe da Josie, ka ce hular da nake saƙa mata ta kusa, in ba ta son kore ta yi magana tun yanzu. Ka gaishe da surukarka Madam Oksana, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, da abokin aikinka Teodor da ya aiko mana da kyafaffen kifi bara, har yau Gil yana zancensa. Gil yana gaishe ku, Orrin ma yana gaishe ku, ya ce in gaya maka in ka ga ƙarfen matsewa ka tsallaka titi. Ubangiji ya kiyaye ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ran Juma'ar, in mun isa ɗakinta, kada ka ƙwanƙwasa, kada kuma ka faɗi sunanka. Ka tsaya a bakin ƙofa ka girgiza. Ni zan riga ka shiga in ɗora kofi.

Taka har kullum,
Yayarka, Lorna